Bayan cinikin motar gida ya rushe: abin da na auna kafin in sake zuba kuɗina

Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a ƙofar gidanmu a Birmingham kafin asirinta ya tonu. An kwana ana ruwa irin na ƙasar nan, wanda ba ya tsawa kuma ba ya ɗaukewa. Da safe uwargida ta hau gadon da ke saman kan direba za ta shimfiɗa zanen gado, sai na ji ta ce, "Abban yara, zo ka taɓa nan." Na ɗaga katifa, na danna bangon kusurwa da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi. Warin da na ji ranar da muka je dubawa, wanda mai sayarwa ya ce na daɗewa a rufe ne, ashe na ruɓaɓɓen katako ne.

Ga wanda bai san ta ba, motar gida ita ce wadda aka gina wa gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali su tafi hutu su kwana inda dare ya riske su. Shekara uku muna tara kuɗinta. Yara sun riga sun baza labari a makaranta, har ƙaramar ta zaɓi gefen da za ta riƙa kwana. Shi ya sa ranar da mai duba motoci da na ɗauko ya kafa na'urar auna danshi a bangon, ta nuna sama da kashi 30, ban ji zafin kuɗin kamar yadda na ji nauyin fuskantar yaran ba. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce ƙasa da kashi 15 lafiya lau, tsakanin 15 da 20 a sa ido, abin da ya haura 20 ruwa na samun hanya, in ya kai 30 kuwa katakon ciki ya soma lalacewa.

Abin da ya cece ni shi ne a hannun dila na saya. Dokar kare mai saye ta 2015 a Birtaniya ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da aka sayar maka da aibi, a ba ka kuɗinka cif. In kwana 30 sun wuce, dila na da damar gwada gyara sau ɗaya, kuma a cikin wata shidan farko ana ɗauka aibin yana nan tun ranar saye, sai dai shi ya kawo hujjar akasin haka. Na rubuta musu wasiƙa, na haɗa da rahoton mai duba da hotuna, na daina hawa motar. Sun so su lallashe ni da gyara kyauta, na ce a'a. An sha ja-in-ja, amma kuɗi sun dawo. Duk wanda abin ya same shi, kada ya tsaya ga waya da fatar baki. A rubuta, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi.

Bayan nan akwai wani tarko da na kusa faɗawa. Zuciya ta ƙagu ta rama, duk dare ina kan intanet ina duba talla, ina jin ko wace ce ma in dai zan ajiye wani abu a ƙofar gida yara su daina tambaya. Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, wanda ya daɗe yana yawo da irin wannan mota, shi ya taka mini burki. Ya ce, "Ɗana, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, kai kuma ga ka kana neman sake zura hannu a rami. Ka yi hayar wata tukuna." Na bi shawararsa. Muka yi hayar mako guda, kuma a makon nan na gane cewa ko da waccan motar ba ta yoyo, ba ita ce ta dace da mu ba. Girma da kyan kujeru ne suka ruɗe ni.

Yanzu ga yadda na jera ire-iren motocin gida.

Ta farko ita ce ƙaramar nan irin Volkswagen California, mai rufin da ake ɗagawa. Tsawonta kusan mita 5 ne, tsayinta kusan mita 2, tana shiga yawancin wuraren ajiye motoci, za ka iya kai yara makaranta da ita ranar Litinin. Tana kuma riƙe darajarta in ka tashi sayarwa. Amma ba ta da banɗaki. Ga Bature mai kwana a sansanin da ke da wurin wanka wannan ba komai ba ne. Ga gidan Musulmi mai tsarki da ruwa da alwala sau biyar, ga mace, ga sanyin asuba na Ingila, babbar magana ce. Nan take uwargida ta soke ta, ni ma ban yi musu ba.

Ta biyu ita ce babbar motar kaya da aka mayar gida ba tare da an yanke jikinta ba. Mafi yawansu a kan Fiat Ducato ake yin su, ko 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Relay, waɗanda duk jiki ɗaya ne da ake ƙerawa a masana'antar Atessa ta Italiya. Akwai mai tsawon mita 5.99, akwai mai 6.36, faɗinsu mita 2.05. Abin da ya ja ni gare ta shi ne jikinta ƙarfe ne daga masana'anta, ba alluna aka harhaɗa da danƙo ba. Ruwa na iya shiga ta gefen taga ko ta tagar rufi, ban ce ba ya shiga ba, amma wuraren da zai bi kaɗan ne, kuma ba ya tarar da firam ɗin katako da zai cinye a ɓoye. Tana da ɗan banɗaki, mutum na tsayuwa cak a ciki, tuƙinta bai fi na motar haya wahala ba. Illarta matsi. In mutum ɗaya na girki, sauran sai su zauna. Sallah a ciki sai ɗaya bayan ɗaya, ko a shimfiɗa darduma a waje ƙarƙashin rumfa. Yawancinsu kuma na mutum biyu ne, mai ɗaukar huɗu sai an nema da kyau, galibi mai rufin ɗagawa inda yara za su kwana.

Ta uku ita ce irin wadda ta cuce ni: kan mota da shasi daga kamfanin mota, sannan a gina ɗaki a baya da alluna. Ita ce aka fi gani a titi, daga Swift da ke kusa da Hull, da Bailey na Bristol, da Auto-Trail na Grimsby, da Elddis, sai na ƙetare irin su Adria ta Sulobeniya da Hymer ta Jamus. Gaskiya ita ce mai daɗin zama. Faɗinta ya kai kusan mita 2.3, wannan ɗan bambancin kuwa a ciki kamar an ƙara ɗaki ne: banɗaki mai wurin wanka daban, firji babba, tebur da iyali za su kewaye. Iri biyu ce, mai ƙusumbi a saman direba inda gado yake, da mai lafaffen kai wadda gadonta ke saukowa daga rufi. Mai ƙusumbi ta fi wa masu yara, amma iska na dukanta, tana shan mai, kuma mahaɗar ƙusumbin nan wuri ne da ruwa ke so.

Ba na son ɓacin raina ya sa in yi wa wannan iri kuɗin goro. Tsofaffin ne aka gina da firam ɗin katako. Daga baya kamfanoni da dama sun sauya salo, Bailey da tsarinsu na Alu-Tech mai firam ɗin alminiyam, wasu kuma da roba mai tauri a madadin katako, har suna ba da garantin shigar ruwa na shekaru masu yawa. Sai dai garantin na da sharaɗi: dole a kai motar duban ɗaki kowace shekara, a buga hatimi. In mai ita ya tsallake shekara ɗaya, garanti na iya faɗuwa. Don haka in zan sake kallon irin wannan, kafin in buɗe ƙofarta zan ce a miƙo mini takardun duban danshi na kowace shekara. In an fara kame-kame, na juya.

Ta huɗu, wadda aka gina gaba ɗayanta har da wurin direba, mai faffaɗan gilashi kamar bas, ban daɗe a kanta ba. Tsada, ga kuɗin sauya gilashin gaba in dutse ya fasa shi, ga da yawansu sun fi ƙarfin lasisina.

Maganar lasisin nan ita ce 'yan uwanmu suka fi tuntuɓe a kai. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, lasisinsa na mota bai wuce nauyin kilo 3,500 ba, da mota da mutane da kaya. Waɗanda suka ci kafin nan ne ke da izinin kilo 7,500. Mu da muka zo da lasisin Najeriya, wata 12 kawai ake yarda mu yi tuƙi da shi, kuma ba a musanya shi, sai mun sake jarrabawa, wato kusan dukkanmu muna rukunin 3,500. To ɗauki misali: mota mai gado shida da nauyinta ita kaɗai ya kai kilo 3,100, wanda yawanci an lissafa direba mai kilo 75 da mai a tanki a ciki. Saura 400. Sa uwargida da yara biyu, sa ruwa lita 100 wanda shi kaɗai kilo 100 ne, sa tukunyar gas, kekuna, tukwane, da guzurin shinkafa da garin tuwo da ba ma tafiya babu su. Ka ƙure kafin ka sa akwatin tufafi. Wuce nauyi laifi ne a doka, kuma inshora na iya zamewa in an yi haɗari. Shi ya sa yanzu nake cewa a kai motar sikelin manyan motoci kafin a biya, kuɗin awon bai taka kara ya karya ba. A kuma ƙirga kujeru masu bel, kada a ƙirga gadaje. Akwai mota mai gado huɗu da kujerun tafiya biyu kacal.

Sai batun shekarar inji. Birmingham na karɓar fam 8 a rana a tsakiyar gari tun Yunin 2021 daga motocin da ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba, Landan kuma fam 12.50, kuma tun Agustan 2023 tsarin ya mamaye dukkan unguwanninta. Motar dizal sai ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 take tsira. Tsohuwar mota mai araha, in kana zaune a irin waɗannan garuruwa, arahar za ta zube a titi. Ana sa lambar mota a shafin hukuma a ga matsayinta kyauta. Kada kuma ƙarancin mil ya ruɗe ka, motar gida zama ke kashe ta ba tafiya ba. Duba lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya na iya zama da zanenta raɗau amma ta tsufa ta tsattsage. A tambayi ranar da aka sauya bel ɗin inji, a ga rasit.

A hannun wa za a saya? Dila ya fi tsada, amma doka na bayanka, ni shaida ne. A hannun mai ita kai tsaye akwai sauƙin kuɗi, sau da yawa ma ya fi dila sanin motar, amma haƙƙinka bai wuce a ce motar ta dace da yadda ya siffanta ta ba. Da a can na saya, da yanzu ina zaune da ruɓaɓɓen bango. In ka zaɓi wannan hanya, je gidansa, ka ga adireshin ya yi daidai da na takardar rajistar motar, wato V5C, ka duba tarihin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, a shafin gwamnati, ka biya a yi binciken HPI don a san ko akwai bashi a kanta ko inshora ta taɓa rubuta ta a matsayin wadda haɗari ya lalata. Tallan Facebook da eBay mai farashi rabin kasuwa, mai cewa yana ƙasar waje ka turo kuɗi a kawo maka, damfara ce, kada ka ko amsa.

Game da kafin alƙalami, akwai kariyar da sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya bayar: in farashin kaya ya haura fam 100 kuma bai wuce 30,000 ba, ka biya ko wani ɓangare da katin bashi, kamfanin katin na da alhaki tare da mai sayarwa. Na san da yawanmu na guje wa katin saboda riba. Wasu na biya su cike gurbin nan take kafin kuɗin ruwa ya hau, wasu ba sa taɓa shi sam, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ba na sassauci a kai shi ne a rubuta a rasit cewa za a mayar da kuɗin in mai duba na kaina, ba na dila ba, ya sami aibi.

A watan Oktoba mun je baje kolin motocin gida da ake yi a babban zauren NEC nan Birmingham, ba don mu saya ba, don mu shiga mu fita, mu kwanta a gadaje, mu rufe ƙofar banɗaki mu ga ko gwiwa na taɓa bango. Bayan duk lissafi, zuciyata ta kwanta da iri na biyu, mai mita 6.36 da rufin ɗagawa, ko da yake na san za mu yi kewar faɗin waccan duk ranar da ruwa ya kulle mu a ciki. Mun sami guda ta 2018 a hannun wani dila, da takardun dubanta na kowace shekara a jere. Wannan karon ba mu gaya wa yara ba. Ranar Asabar mai duba zai riga mu isa da na'urarsa, daga nan a wuce sikeli, uwargida kuma ta riga ta sa buta da darduma a jaka, ta ce sai ta gwada alwala a banɗakin ta kuma ga ko sujada za ta yiwu tsakanin kicin da ƙofa kafin in sa hannu a komai.