Zaɓen Dabbar Gwaji Don Nazarin Turjiyar Sankarar Ƙwan Mace Ga Magani

Yawancin matan da ake yi wa maganin sankarar ƙwan mace da kaboplatin da paklitaksel sukan samu sauƙi da farko, sai dai cutar takan dawo, kuma idan ta dawo cikin wata 6 bayan kammala magani, likitoci suna ɗaukarta a matsayin wadda ta bijire. Mai bincike a Jos da ke son gano dalilin wannan turjiya dole ne ya san dabbar da zai saya kafin ya kashe kuɗin tallafinsa, domin kowace tana amsa tambaya daban.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce dasa ƙwayoyin sankarar ɗan Adam, irin su A2780 da takwararsa mai jure wa sisplatin (magani ɗan'uwan kaboplatin), a jikin ɓeraye marasa garkuwar jiki. Ƙarin sankarar yana girma da sauri, kwatanci kuma yana da sauƙi. Amma wani nazari na 2013 ya nuna cewa A2780 da SKOV3 (wani samfurin ƙwayoyin sankarar) ba su yi kama sosai da nau'in da ya fi kashe mata ba, wanda kusan kullum yake ɗauke da lalacewar TP53, ƙwayar halittar gado mai hana sankara tasowa. Bugu da ƙari, waɗannan ɓeraye suna buƙatar iska tatacciya, da abinci da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, da wutar da ba ta yankewa. Wanda ɗakin dabbobinsa ya dogara ga janareta ɗaya tal, ya yi lissafin dizal tun kafin ya yi na ɓera.

Dasa ƙarin da aka ciro kai tsaye daga majiyyaciya ya fi kusa da gaskiyar asibiti, tunda yakan bi magani kamar yadda ya bi a jikin mai shi. Sai dai yana cin watanni kafin ya kama, yana buƙatar amincewar majiyyaciya da izinin kwamitin ɗa'a, ga kuma tsadar ɓerayen NSG (nau'in marasa garkuwar jiki da ake dasa shi a jikinsu) da ake biya da dala. Haka ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin halittar gado: suna da amfani wajen gano asalin cutar, amma kiwonsu dogon aiki ne.

A ganina, ga ƙaramin ɗakin bincike, ƙwayoyin ID8, waɗanda na sankarar ɓera ne, a jikin ɓerayen gwaji nau'in C57BL/6 sun fi dacewa. Garkuwar ɓeran cikakkiya ce, saboda haka ya fi jure wa ƙwayoyin cuta, kuma cutar tana bazuwa a ciki tana tara ruwa kamar yadda ake gani a jikin mata. Sharaɗin shi ne a nemi samfurin ID8 da aka cire wa Trp53 (takwarar TP53 a jikin ɓera), wanda aka fitar a 2016, domin na asalin ba shi da wannan lalacewa.

Akwai kuma kazar ƙwai, wadda take kamuwa da wannan sankara da kanta bayan ta haura shekara 2. A Filato, inda gidajen kaji suke da yawa kuma ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a kusa, samun tsofaffin kaji ba wahala ba ne. Matsalar ita ce ba a sanin wadda za ta kamu sai an riƙa duba su da na'urar hoton ciki, kuma kayan gwajin da suka dace da kaza ba su kai na ɓera yawa ba. Ta fi amfani ga nazarin rigakafi fiye da na turjiya.

Duk ƙwayoyin sankarar da za a saya, a nemi mai sayarwa ya kawo takardar tantance asalin ƙwayoyin da shaidar cewa ba su gurɓata da ƙwayar cutar maikoplazma ba, sannan a tabbatar da yadda za a riƙe su a daskare tun daga filin jirgin Abuja har zuwa Jos.