Yadin shalki: baƙi ya fi fari fito da fure

Saboda bikin Ranar Kafuwar Saudiyya, wanda ake yi kowace 22 ga Fabrairu tun 2022, makarantar 'yata ta ce yara su zo da kayan gargajiya. Dalilin da ya kai ni Balad ke nan, tsohuwar unguwar kasuwanni a nan Jidda, neman shalki, yadin nan mai manyan furannin wardi da tsofaffin matan ƙasar nan suka saba sawa. Na yanko mita uku mai farar ƙasa na yarinya, na ƙara da mita huɗu mai baƙar ƙasa nawa, don ido ya riga ya ƙyalla.

A ƙarƙashin fitilar shago farin ne ya fi ɗaukar hankalina. Da muka fito rana sai labari ya sha bamban. Baƙin ya tura jan furen gaba, ja wur, ganyen kuma kore shar, har ka rantse ɗora su aka yi da zare. Sirrin yana cikin furen kansa: kala uku aka jera, ja mai duhu a tsakiya, ja mai haske, sannan ruwan hoda a gefe, shi ya ba shi tudu. A kan farin kuwa, ruwan hodar ya narke cikin ƙasar yadin, furen ya kwanta luf.

Mu da muka tashi da atamfa sai mun sake lissafi. Shalki ba shi da sitati, laushi gare shi, yana zubowa a jiki. Kuma fuska ɗaya aka buga, bayansa a koɗe yake, ba kamar atamfa mai kyau da za ka juya ta ko ta ina ba. Yaya Babba ta ce in yi zani da shi. Na ce, "Yaya, wannan ko an ɗaura ba ya zama." Doguwar riga na yi.

Inda na ji haushi: wankin farko jan ya zuba, ya ɓata mini farin mayafi, rigar kuma ta ɗan ɗage. Laifina ne, ya kamata in jiƙa yadin kafin in kai wa tela. Mai shagon ya ce auduga ce zalla, amma da na ƙona zare ɗaya sai ya dunƙule kamar leda. Ga zafin Jidda, idan ba cikin sanyin na'ura ba, gumi kake sha.

Zan sake saya, amma baƙi ko kore mai duhu, kuma sai na fita da shi bakin ƙofa na gani tukuna.