Madubin likita na ɗalibai a gidan kifi: ya ci kuɗinsa

A nan Kano, da tarwada ta ƙi cin abinci ta fara goga jiki a bangon tanki, yawancin masu kiwo kemis suke rugawa su sayo antibayotik su zuba. Shi kuwa bakteriya yake kashewa, alhali abin da ke sa kifi susa sau da yawa wata halitta ce daban. Don in riƙa ganin abokin gaba da idona na sayi wannan madubin likita, irin na ɗaliban sakandare, mai ido ɗaya, a kan kuɗin da bai kai na buhu uku na abincin kifi ba.

Jikinsa ƙarfe ne, yana ƙara girman abu sau 40, sau 100 da sau 400. A kwali an rubuta 1600, kada ya ruɗe ku, hoton kumbura kawai yake yi ya dushe. Fitilarsa na aiki da batir, kun san halin wutarmu.

Aikin ba wuya. Ka kamo kifin da ransa, ka kankaro ɗan yauƙin bayansa da gefen gilashi, ka ɗiga ruwan tankin a kai, ka rufe da siririn gilashin rufi. A sau 100 Trichodina ke fara bayyana, zagayayya kamar faifai, da haƙora jere a ciki, tana juyi ba hutu. Ita da Ichthyophthirius, mai kawo fararen ɗigo a jikin kifi, gida ɗaya suke: ƙwayar halitta guda mai iyo da ƙananan gashi. Abin mamaki, masana sun sa su a babban dangi ɗaya da Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Wankan gishiri na rage Trichodina sosai. Mai fararen ɗigon ta fi taurin kai, don tana ɓuya a ƙarƙashin fata inda magani ba ya kai mata. Sai ta faɗo ƙasan tanki ta rabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman kifi, a nan ake samunsu. Shi ya sa magani sau ɗaya ba ya isa.

Wanda ya fi burge ni Gyrodactylus ne, 'yar tsutsa da ke maƙale fata da ƙugiyoyi tana miƙewa tana lanƙwashewa. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma idan ka daidaita hasken za ka hango ƙugiyoyin 'yar da ke cikinta. Danginta su ne tsila da tsutsar tsargiya, don haka maganin praziquantel da ake ba yara a makarantu saboda tsargiya yana aiki a kanta. Amma awon da za a sa a ruwa likitan dabbobi ne zai faɗa maka, ba abokin sana'a ba.

Inda madubin ya gaza shi ne ƙanana sosai. Na taɓa fasa wani farin ƙurji daga jan naman da kifi ke numfashi da shi, a sau 400 da ƙyar na ga 'yan ƙwayoyi masu jela, alamar Henneguya. An daɗe ana lissafa irinsu cikin masu ƙwayar halitta guda, sai binciken DNA ya nuna 'yan'uwan jelifish ne (wata halittar teku mai harbi) da suka ƙanƙance, har abin harbin suna da shi. A 2020 ma masu bincike a Jami'ar Tel Aviv suka gano cewa Henneguya salminicola, ta jikin kifin salmon, ba ta numfashi da iskar oksijin. Irin wannan tantancewa sai ɗakin gwaji. Madubina dangi kawai yake nuna mini, kuma ga mai kiwo wannan ya wadatar.

Ƙorafina biyu. Maɓallin daidaita hoto yana da sako-sako, ka saita ka sake shi ya zame. Siraran gilasan rufi da suka zo da shi kuma 'yan kaɗan ne, ga saurin fashewa, ku sayi kwali guda tun a shagon. Kuma kada ku ɓata lokaci da kifin da ya kwana a mace, ƙwayoyin sun riga sun watse.