Filamanci ya kada ni a jarrabawar tuƙin jirgin ƙasa

Yaya, ka tambaye ni maganar aikin tuƙin jirgin ƙasa da na nema nan Beljiyam, to wallahi an kada ni, kuma likita ya duba ido da kunne ya ce lafiyata lau, yare ne ya kada ni. Faransancina ba wanda ya kushe, amma layin da suke neman direba yana shiga yankin masu Filamanci, wato yaren Holan da ake yi a arewacin Beljiyam, dokar Tarayyar Turai kuwa ta ce sai direba ya kai matakin B1, wato matsakaicin iya yare, a yaren da zai yi magana da masu kula da sigina.

Suka sa min abin saurare a kunne, wata murya ta jero lambar sigina da umarni da sauri, ni kuwa sai na yi abin da muka saba, na ce eh, eh. Matar da ke jarraba ni ta cire tabarau ta ajiye kan tebur ta ce in maimaita abin da na ji kalma bayan kalma. Shiru. Ga sanyi a waje amma rigata ta jiƙe sharkaf.

Ba ta yi min faɗa ba, labarin hatsarin Pécrot, wani ƙauye nan Beljiyam, ta ba ni, ranar 27 ga Maris 2001 jirage biyu suka yi taho-mu-gama mutum 8 suka rasu, mai sigina na garin Wavre ya buga waya garin Leuven yana gargaɗi da Faransanci, wanda ya ɗauki wayar kuwa Filamanci yake ji, ba su fahimci juna ba har mai aukuwa ta auku. Jikina ya yi sanyi, gaskiyarta ce.

Abin da ke cin raina shi ne halinmu na gida, mu kunyar cewa ban gane ba muke ji, yaron mota a tashar Maraɗi za a yi masa bayani ya ce to, to, alhali ko rabi bai kama ba, in ka sake tambaya a ce ka raina babba. Nan direba mai furfura ma sai ya maimaita umarni a rediyo kafin ya motsa. Duk da haka ina kewar tashar nan, ko don furar da ake dama mana da rana.

Na koma ajin Filamanci na dare, sau uku a mako bayan na tashi aiki. Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a zan sake gwadawa.