Wata bakwai ina kai Inna gashi

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce magani ya yi nasa, saura gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi don su dawo aiki. Mu a lokacin mun ɗauka gashi shi ne a haska wa mutum fitila mai zafi a shafa masa mai. Sati shida muka ɓata a wajen wani mai shago a unguwarmu, yana murza mata hannu yana ja, tana cije leɓe. Kafaɗarta ta dama sai ƙara ciwo take. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Wata maƙwabciyarmu nas ce ta ce mini: "Ki riƙa tambayar lasisi. Likitan gashi na gaske sai ya yi aƙalla shekara biyar a jami'a, kuma hukumar MRTB, mai kula da likitocin gashi a Najeriya, ita ce ke yi masa rajista." Ta kwatanta mini wata ƙaramar cibiya a nan Kano inda akwai mace, domin Inna ta rantse namiji ba zai taɓa ta ba.

Zuwanmu na farko, likitar ta auna hawan jini tukuna. Sannan ta durƙusa daidai keken guragun da Inna ke kai, ta ce, "Inna, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" Da ita ta yi magana, ba da ni ba, alhali tun da ciwon ya same ta kowa ni yake tambaya kamar ba ta wurin. Ta tambaye ta me ta fi kewa. Inna ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin ta ce, "Alwala da kaina."

A kan wannan aka gina komai. Aka fara da buta babu ruwa, tana tura ta a kan tebur. Daga baya aka zuba ruwa kaɗan, sai rabi. Ta koya mana kada mu kuskura mu ɗaga Inna ta hannun da ya shanye, don kafaɗar na iya gocewa, ta nuna mana inda za mu sa matashi, da juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Ta ce abin da muke yi a gida kullum ya fi zuwanmu sau biyu a sati. A wata na biyar, da asuba, na ji ƙarar ruwa a tsakar gida. Na leƙa, ga Inna a kan kujera 'yar tsugune tana karkata buta da hannun dama, yana rawa, ruwan na zuba rabi a ƙasa. Na koma ɗaki na yi kuka.

Abin da ke damuna da wurin shi ne ƙofar shiga. Matakala uku ce, babu gangare, sai mun roƙi mai Adaidaita Sahu ya kama mana keken. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-gine shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce. Ƙofar banɗakin ma keke ba ya shiga. Kuma mace ɗaya ce tak, ranar da ba ta zo ba sai dai mu juya.

Yatsun Inna har yanzu ba sa buɗewa duka, kuma likitar ba ta ɓoye mana ba cewa wataƙila ba za su koma kamar da ba. Na yi wa mai wurin maganar gangare, ya ce bayan Sallah. Ranar Litinin za mu koma, zan sake tuna masa.