Gwajin ruwan Kogin Kaduna: yadda na ga aikin wani ɗakin gwaji mai zaman kansa

Shekara huɗu ke nan ina kiwon karfasa da tarwaɗa a wani fili da ke ƙasa da unguwar Kudenda ta garin Kaduna, kuma da ruwan Kogin Kaduna nake cika tafkuna da injin ban ruwa. A watan Maris da ya wuce, lokacin da kogin ya ja baya sosai, ruwan tafkin ya koma kore shar, kuma kwana uku a jere ina tarar da karfasa da sassafe sun taso sama suna haki, wasu ma sun riga sun juya ciki, alhali tarwaɗa ko a jikinsu. Wannan ne ya kai ni wani ɗakin gwajin ruwa mai zaman kansa a cikin gari.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikacinsu ya ƙi karɓar ruwan da na kai a gorar lemo. Ya ce iskar oksijin da ke cikin ruwa a bakin ruwan ake auna ta, don haka washegari bayan sallar asuba ya zo da na'urarsa, ya tsoma ta a tafkin da kuma daidai inda bututuna yake jan ruwa, ya ɗauraye kwalabensa sau uku da ruwan wurin kafin ya cika su ya jera a kula mai ƙanƙara. A tsaye a nan ya warware mini matsalar. Kafin kogin ya iso wurina ya riga ya kwashi ruwan kwata na unguwanni, da kumfar sabulun wanki, da kashin dabbobi, da ragowar takin zamani na masu noman rani, kuma dukkansu suna ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda taki ne ga gansakuka kamar yadda suke taki ga masara. Da rana gansakukar tana samar da oksijin, da dare kuwa ita da ƙwayoyin da ke ruɓar da matacciyarta su shanye shi, shi ya sa asuba ce lokacin mutuwar kifi. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, karfasa kuwa ba ta da wannan gatan.

Inda suka gaza shi ne takardar sakamako. An yi mini alkawarin kwana uku, sai da na yi sintiri fiye da mako, kuma da ta fito lambobi ne zalla da Turanci, babu layi ɗaya da ke gaya wa manomi abin da zai yi. A ganina wannan babban gibi ne, domin yawancin masu aiki a bakin kogin nan da Hausa suke fahimta. Sai da na sake neman ma'aikacin nan ya nuna mini cewa fosfet, wato nau'in fosfaras da ke cikin ruwan, ya yi yawa, ya kuma ja kunnena game da rijiyar masu gadina: iyakar naitiret, wato wani nau'in naitirojin, a ruwan sha, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da na Najeriya, miligiram 50 ne a kowace lita, jarirai ne suka fi shiga haɗari, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi.

Kuɗin ya yi wa ƙaramin mai kiwo nauyi, amma bai kai asarar kifin kwana ɗaya ba. Na rage abincin da nake zubawa, na fara tsayar da ruwan kogi a wani rami kafin ya shiga tafki, kuma mutuwar ta tsaya. Zan koma wurinsu a watan Agusta, domin ruwan damina da ke wanko gonaki da kwatoci daban yake da na rani, kuma a wannan karon har da ruwan rijiyar zan sa a auna.