Camry ta Legas a waya, ko ta dillalan Gombe da za ka hau ka gwada?

Malam, tambayarka ita ce ka ga Camry 2008 tokumbo a Facebook, tana Legas, kuɗinta bai kai na irinta da ka taya nan Gombe ba. Ka tura kuɗi a ɗoro maka ita a tirela, ko ka ƙara wani abu ka sayi wadda za ka zaga gari da ita tukuna?

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya ja hankalinka. Farashin da ka gani na motar ce tana tsaye a Legas. Daga can zuwa Gombe ya haura kilomita 1,000, ko dai ka biya tirela, ko ka ba direba ya tuƙo ta, ga mai, ga abin da ake kashewa a shingayen hanya. Ta iso kuma dole a juye baƙin mai, galibi a sauya tayoyi da batir. Dillalin Gombe duk ya riga ya biya waɗannan, ya ɗora ribarsa da la'ada. In ka lissafa, ratar takan tsuke. In kuwa bayan lissafin har yanzu ta Legas ta yi araha ƙwarai, to ni wannan arahar ce abin tsoro.

Inda ta waya ta fi, ta fi. Zaɓi a Legas ba a haɗa shi da na nan, domin ta tashoshin Apapa da Tin Can akasarin motocin ke shigowa. Sannan duk motar da ta fito daga Amurka tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Ka karɓe ta ka bincika a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, ko ka zuba ta a Google kawai. In an yi gwanjonta a Copart ko IAAI, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa za ka ga hotunanta kafin ta shiga hannun mai gyaran bodi. Wata za ka tarar gabanta a rugurguje, wata kuma ambaliya ce ta shanye ta, irin dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Texas a 2017. Sai dai wannan binciken ba na mai saye ta waya ba ne shi kaɗai. Wadda ke gabanka a Gombe ma tana da lambar, nan ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Mutane ne ba sa dubawa.

Abin da bidiyo ba zai taɓa nuna maka ba shi ne halin motar, kuma a kan wannan Camry ɗin maganar ta fi nauyi. Injin 2.4 na waɗannan shekarun ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Ana gane shi in aka tayar da mota da sassafe, inji da sanyinsa, mutum na tsaye a bayan salansa yana kallon kalar hayaƙi. Mai ɗaukar bidiyo kuwa sai ta ɗumama ya fara ɗauka, ga ta a wanke tas tana ƙyalli. In a Gombe ce, kai ne za ka ce kada kowa ya tayar sai ka zo. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko fitilar inji da ta jakar iska sun kama, don wasu cire su suke yi kada su tona asiri. Ka hau titin Kumo ka sake ta, ka ji ko giya na shiga lami lafiya ko tana fizga, ko sitiyari na rawa in ta kai ɗari, ko tana ja gefe in ka taka birki. Ka dawo cikin gari da rana tsaka, ka kunna AC ka bar ta a tsaye, idonka a kan allurar zafi. Motar da ta yi lafiya a bidiyon minti biyu ba lalle ta jure zafin Afrilu na Gombe ba.

Sai abin da hannu da hanci kaɗai ke ganowa. Ka ɗaga kafet ka sansana, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, ka jawo bel har ƙarshensa ka ga ko akwai sawun laka. Bakanikenka ya jona na'ura, ya kuma leƙa ƙasa ya ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa, na nan, don ana yanke ta a sayar, mai saye ya zo yana kukan mota na zuƙar fetur.

Takardu kuwa duka biyun ɗaya ne. A ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka wadda aka ce ta biyo ta Kwatano sai an yi hattara. Hoton takardar kwastan a WhatsApp ba hujja ba ne. Ka kai lambobin ofishin kwastan da ke Bauchi a tabbatar maka an biya haraji. Wanda kuma ya ce shi jami'in kwastan ne, gwanjo ake yi, ka turo kuɗin fom, kada ma ka amsa masa.

Babban bambancin yana bayan ciniki. Dillalin Gombe ka san rumfarsa, ka san wanda zai yi masa magana ya ji. In giya ta watse a makon farko akwai inda za a zauna. Na Legas in ya kashe waya shike nan. Ba a banza aka ce ba a cinikin biri a sama ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ba su yarda a shardanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa ba in kayan na nesa kuma yana iya sauyawa.

Ni dai in motarka ta farko ce, kuma kuɗin taro ne na shekaru, ta Gombe zan ce ka saya, ko da ƙarin. In kuma ranka na kan ta Legas, kada ka tura ko kafin alƙalami. Ka sa bakanikenka a mota ya je, kai za ka biya shi, ba wanda mai motar ya haɗa ka da shi ba. Ya tayar da ita da safe, ya tuƙa, ya karanto maka lambar shasi daga jikin motar ka gwama da ta takarda. Sai yana riƙe da makulli sannan ka tura kuɗin, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da wanda ke kan rasit.